Daga Allo Zuwa Waya: Tarihin Karatun 'Ya'yanmu

'Yan uwana mata, da masu gidajenmu, da 'ya'yanmu da za su karanta wa wasunmu wannan takarda. Ina taya mu murnar zagayowar ranar da aka kafa ƙungiyarmu. Waɗanda aka fara da su suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu.

A yanzu babu gidan suna ko na biki da za a zauna ba a yi kukan waya ba. Wannan ta ce yaronta ya ƙi karatu, waccan ta ce 'yarta kwana take tana latse-latse. Kukan gaskiya ne, amma ba yau aka fara irinsa ba. Duk lokacin da karatu ya sake mazubi a ƙasar Hausa, sai iyaye sun tsorata. In muka bi tarihin sannu a hankali, za mu ga inda namu aikin yake.

Mazubin farko da kakanninmu suka sani shi ne allo. Yaro na fara wayo za a kai shi wajen malam, a yi masa tawada da gawayi da ƙaro, a feƙe masa alƙalamin gamba. Ya fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, ya yi ta biya har ranar sauka. Abin lura a nan shi ne, babu abin da ke hawa allon yaro sai abin da malam ya rubuta ko ya ba da izini a rubuta, kuma ba a wanke shi sai yaro ya riƙe. Karatun ma da ƙarfi ake yin sa. Uwa tana daka ko tana kaɗi, kunnenta na wajen ɗanta. Ko ba ta san baƙi ba, in ya tsallake aya a ƙananan surori za ta ji, don da su take salla. Da dare kuma a kewaye kaka, ta ce ga ta nan ga ta nanku, a ji yadda Gizo ya yi wa Ƙoƙi wayo da yadda ya ƙare. Ita ce ke zaɓar labarin, ita ce ke cewa a tashi a kwanta.

Kada wani ya ce mana karatun mata baƙon abu ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. A ƙasar Sakkwato ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai mutunci ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa, ita kuma jajin ta jagoranci matan ƙauyensu zuwa wajenta, su koyo karatu su koma gida su koyar. Kun ga ke nan taron mata don a ƙaru da juna, irin wanda muke yi, yana da tushe.

Sai Turawa suka zo da takarda da boko. A 1909 wani Bature mai suna Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano, galibi don 'ya'yan sarakuna da malamai. 'Yan mata kuwa sai a 1930 aka buɗe musu nasu wuraren karatu a Kano da Katsina. Mu da ke can kudu, nesa da birni, abin ya daɗe bai game ƙauyukanmu ba. Tsofaffi suna ba da labarin yadda ake ɓoye yaro a rumbu ko a tura shi wajen dangi in an ji masu ɗaukar 'yan makaranta sun shigo gari. Ba wauta ba ce ta sa su. Karatu ne ya zo da baƙaƙen da uba bai iya dubawa ba, daga hannun wanda bai yarda da shi ba.

Abin da ya fara sanyaya zukata shi ne da aka ga littafi yana magana da Hausa. An kafa Hukumar Fassara a 1929, daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya. A 1933, ƙarƙashin Rupert East, aka sa gasar rubuta labari, aka samu littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Bayan haka Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, a 1939 kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, shi ne editanta. Wanda ya karanta Magana Jari Ce ya san aku ne ya tsare Musa ɗan sarki da labari bayan labari, don kada ya fita ya faɗa tarkon maƙiya. Su ma na da sun san labari na iya zaunar da yaro wuri ɗaya. Magana dai ita ce, akun waye ke ba shi labarin?

A shekarun 1950 gwamnatin Arewa ta tashi Yaƙi da Jahilci don manya. Hukumar NORLA da ke Zariya ta yi ta buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, ta Kano ita ce Sodangi. A 1966 aka kafa kamfanin NNPC ya ci gaba da buga littattafan Hausa. A 1976 kuma aka shigo da UPE, firamare kyauta ga kowa, azuzuwa suka yawaita a garuruwa da ƙauyuka tun daga Bebeji har Doguwa. To, a nan ne wani giɓi ya buɗe a cikin gida: ɗa ya iya karatu, uwa ba ta iya ba. Wasiƙa ta zo daga miji ko ɗan uwa da ke ci-rani, sai an kira ɗan firamare, ya ji sirrin gida kaf. Irin wannan giɓi ne gwamnatin Abubakar Rimi ta so cikewa da ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano a 1980. Ajin da da yawanmu muke zuwa yau, ni ma ina ciki, daga wancan tushe yake.

Da mata suka fara iya karatu, sai suka fara rubutu. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, daga baya ta koma karatu a ajin manya, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987. Aka samu su Bilkisu Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino da wasu da dama. 'Yan kasuwa kan saro littattafan a Kano, wajen Bata, su kawo mana, wanda ba shi da kuɗin saye ya karɓi haya. Nan ma aka yi kuka, aka ce littattafan soyayya na lalata tarbiyya. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Kano, a 2007 kuma har aka ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun 'yan mata 'yan makaranta. Gaskiya akwai baragurbi a ciki. Amma kuma mata nawa ne a cikinmu suka goge a karatu saboda son su ji ƙarshen labari? Ƙonawar ba ta kashe ƙishirwar ba, sai dai ta sake hanya.

Hanyar kuwa ita ce waya. A 2001 wayar salula ta shigo Najeriya. Da farko kira kawai, sai ga masu memori, sai ga shagunan tura fina-finai da waƙoƙi a kowace tasha da kasuwa, sai ga Facebook da WhatsApp da YouTube da TikTok. Marubuta ma suka koma can, ana sakin littafi shafi-shafi a zaure, wani kyauta wani sai an biya. A 2020, da cutar korona ta sa aka rufe makarantu, aka koma ba da darasi ta rediyo da talabijin, iyaye da yawa suka miƙa wa yara waya da sunan karatu. An buɗe makarantu, waya ba ta dawo ba.

A nan ne waya ta bambanta da allo da littafi. Allo malam ne ya rubuta, ana ji ana biya shi. Littafi yana da bango, ko ba ki iya karatu ba kin ga hoton, kuma yana da shafin ƙarshe. Waya kuwa shiru ake karanta ta, ba ta da bango, ba ta ƙarewa. Masu manhajojin nan da talla suke cin abinci, ribarsu ita ce yaro ya daɗe yana kallo. Sannan ga tsohon giɓin nan ya dawo da ƙarfinsa. Mu masu sana'a, ko shinkafa kike turarawa a Tudun Wada ko kayan miya kike kasawa a Kwanar Ɗangora, yanzu ciniki da taransfa ake yi. In ba ki iya duba alat ba, sai kin kira yaro. Shi ya san lambar sirri, shi ya san inda komai yake. Wayar taki ce a suna, tasa ce a aiki. Ta yaya za ki tsare ƙofar da makullinta ke aljihun ɗanki?

Ba kuma cewa nake a farfasa waya ba. Akwai alheri a cikinta da kakanninmu ba su yi mafarki ba. Akwai Alƙur'ani da karatun manyan alarammomi. Akwai African Storybook, wanda wata cibiya a Afirka ta Kudu ta kafa, da StoryWeaver daga Indiya, dukansu suna da labaran yara masu hotuna da Hausa, kyauta, a sauke sau ɗaya a yi ta karantawa ba data. BBC Hausa ma tun 2016 take gasar Hikayata don mata marubuta. 'Yarki in ta saba da karatu, wata rana tana iya zama cikinsu.

To, me tarihi ya koya mana? A kowane zamani, yaron da ya amfana shi ne wanda babba ke kusa da shi, ya san abin da yake karantawa. Don haka mu dawo da al'adar allo a kan waya: in yaro zai karanta, ya zauna kusa da ke ya ɗaga murya, in ya gama ki ce ya ba ki labarin. Mu dawo da al'adar kaka: ke za ki zaɓa, ke za ki ce ya isa. A sauke labaran tukuna, a kashe data, sannan a miƙa masa. Waya ta kwana a ɗakinki. In an kai caji ko turi, ki duba abin da aka zuba a memori kafin ta shiga hannun ƙanana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Su kansu TikTok da Facebook a dokarsu sai mai shekara 13. Masu babbar waya, akwai Family Link ta Google da ke ƙayyade lokaci da hana sauke manhaja sai da izininki, akwai YouTube Kids mai agogon da ke rufewa da kansa. Lambar sirrin asusunki kuwa, ki canza ta, ki riƙe a ranki. Masu gida, ku ma da ku: in kana latse-latse har tsakar dare, da wane baki za ka hana yaro?

Shawarata ga shugabanninmu guda biyu ce. Ta farko, kamar yadda muke zubin adashi, mu ware wani ɗan abu mu sayi littattafan yara na takarda mu sa a akwati, mamba ta ara wa 'ya'yanta ta dawo da shi ranar taro. Ta biyu, waɗanda suka yi nisa a aji su zama jajinmu, kowacce ta kama hannun mata biyu ko uku, har su iya karanta saƙon waya da kansu. Wallahi ba a girma da karatu, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya raya mana zuri'a bisa tafarkin gaskiya, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya maimaita mana wannan biki cikin lafiya. Amin.