Sana'ar Fentin Mota da Gyaran Bodi: Bayani ga Masu Motoci da Masu Neman Sana'a

Gabatarwa

Fentin mota da gyaran bodi sana'a ce da dubban matasa ke ci da ita a garuruwan Arewacin Nijeriya, tun daga manyan garejojin Kano da Kaduna har zuwa 'yan rumfunan da ke bakin tasha a hedikwatocin ƙananan hukumomi. Mafi yawan masu kawo aiki ba masu hali ba ne. Direbobin haya ne, da masu a-kori-kura da ke jigilar amfanin gona, da ma'aikatan da suka sayi tsohuwar mota suna son ta yi kyan gani. Kowannensu araha yake nema. Wannan bayani zai nuna yadda ake gudanar da aikin, da inda arahar take fitowa, da kuma yadda mai sana'ar zai riƙe kansa da iyalinsa ba tare da ya cuci mai mota ko ya cuci lafiyarsa ba.

Taƙaitaccen tarihi

A farkon ƙera motoci da buroshi ake shafa fenti, shafi bisa shafi, kuma mota takan yi makonni kafin ta bushe. A shekarar 1923 kamfanin DuPont na Amurka ya fito da wani fenti mai suna Duco, wanda ake fesawa da iska ya bushe cikin sa'o'i. Daga nan ne feshi ya maye gurbin buroshi a duniya baki ɗaya.

A nan gida, sana'ar ta bunƙasa ne tare da yawaitar motoci. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a shekarar 1975. Daga ƙarshen shekarun 1980, da sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin jama'a, sai kasuwa ta koma ga motocin da aka riga aka yi amfani da su a Turai da Amurka. Da yawa daga cikinsu sukan iso da lotsawa ko ƙujewa, wasu ma da ɓarnar haɗari, don haka sai sun bi ta hannun mai bodi da mai fenti kafin a kai su kasuwa. Kasuwanni irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano sun shahara wajen kayan gyara da masu aikin ƙarfe.

Rabe-raben aikin

Mutane uku ne kan haɗu a kan mota guda. Na farko shi ne mai bugun bodi, wanda aka fi sani da fanel-bita. Shi ke miƙar da ƙarfen da ya lanƙwashe da guduma da matokari, ya daidaita ƙofofi da bonet. Na biyu shi ne mai walda, wanda ke yanke inda tsatsa ta ci ya liƙa sabon ƙarfe. Na uku shi ne mai fenti, wanda ke shafa fila, ya goge, ya fesa. A ƙananan garuruwa sau da yawa mutum ɗaya ne ke haɗa biyu daga cikin ukun. Abin lura shi ne, kyawun aikin mai fenti ya dogara ne kacokan a kan na biyun farko. Fenti ba ya ɓoye aibin ƙarfe, ƙara fito da shi yake yi.

Ire-iren fenti

Fenti iri uku ne aka fi samu a kasuwa. Akwai mai bushewa da iska kawai, wanda ake sirkawa da tina. Shi ne mafi araha, kuma ya fi sauƙin fesawa, amma rana kan kashe masa haske da wuri, man fetur kuma kan ɓata shi idan ya zuba a kai. Akwai mai haɗi biyu, wanda ake kira 2K, da ake gauraya shi da maganin daskarewa. Yawancin kamfanoni kan ce kashi 2 na fenti a kan kashi 1 na maganin, amma abin da aka rubuta a jikin gwangwani shi ne abin bi. Wannan ya fi ƙarko, kuma shi ya fi dacewa da motocin haya masu launi guda. Na uku shi ne mai hawa biyu: a fesa launi, sannan a rufe shi da kiliya, wato ruwan da ke ba da sheƙi. Irinsa ne a jikin yawancin motocin zamani, musamman masu ƙyalli-ƙyalli.

Kowace mota tana da lambar launinta, wadda akasari ake samu a wata 'yar takarda ko faranti a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a ƙarƙashin bonet. Da wannan lamba ake haɗa fenti daidai. Sai dai motar da ta daɗe a rana launinta ya riga ya koɗe, don haka gwani kan gwada haɗin a ɗan ƙarfe tukuna, ya kara shi da jikin motar a hasken rana.

Matakan aikin

1. Wanke mota da sabulu, a cire maiƙo da datti.
2. Cire fitilu, da bamba, da hannayen ƙofa, da robobin gilashi gwargwadon hali.
3. Bugun bodi da walda, tare da kankare tsatsa har sai farin ƙarfe ya bayyana.
4. Shafa fila a inda ya rage ƙananan ramuka. Fila ta cike 'yar lotsawa ce kawai, bai kamata kaurinta ya wuce 'yan milimitoci ba.
5. Guga da samfefa. Ana farawa da mai kaushi kamar lamba 80, a koma 180, sannan 320. Yawan lamba, yawan laushi.
6. Fesa firaima, wato fentin ƙasa da ke kare ƙarfe daga tsatsa, ya kuma riƙe fentin sama. Idan ya bushe a goge shi da lamba 400 zuwa 800.
7. Rufe gilasai da tayoyi da takarda da tef.
8. Feshi. Ana riƙe bindigar feshi kimanin santimita 15 zuwa 20 daga jikin mota, kowane zubi ya hau rabin na baya. Akan yi shafi 2 ko 3, da hutun minti 10 zuwa 15 a tsakani.
9. Bushewa. A ɗakin gashi mai zafin kimanin digiri 60, fentin 2K kan yi ƙarfi cikin kusan rabin sa'a. A sarari kuwa sai ya kwana.
10. Gogewa da samfefa lamba 1500 ko 2000 da ruwa, sannan a yi folish.

Feshin kansa aikin sa'o'i kaɗan ne. Matakai bakwai na farko su ke cinye kwanaki, kuma su ne ainihin aikin.

Inda arahar take fitowa

Hausawa na cewa araha ba ta ado. Idan mai fenti ya karɓi aiki a kan kuɗin da bai kai ba, dole ya rage wani abu. Akwai ragin da ba shi da illa, akwai kuma wanda cuta ce.

Ragin da ba shi da illa shi ne kamar a bar motar a launinta na asali, domin canza launi na buƙatar fesa cikin ƙofofi da but da ƙarƙashin bonet. Haka kuma a zaɓi launi guda maras ƙyalli, ko a fesa ɓangaren da ya lalace kawai. Mai mota ma zai iya cire fitilu da bamba da kansa, ya wanke motar kafin ya kawo ta.

Ragin da yake cuta shi ne a fesa a kan tsatsa, ko a cusa fila a rami maimakon a buga ƙarfen ya miƙe, ko a tsallake firaima, ko a tsinka fenti da tina fiye da kima don galan ɗaya ya yi aikin biyu, ko a sirka da man fetur. Irin wannan mota ranar da ta fito takan yi sheƙi kamar kowace. Bayan damina ɗaya sai fenti ya fara kumbura, fila ta tsage ta faɗo, tsatsa ta dawo fiye da da. Mai motar ya biya sau biyu ke nan.

Yanayi ma yana da tasiri. Ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kan manne a ɗanyen fenti, shi ya sa masu aiki a sarari ke yayyafa ruwa a ƙasa su yi feshi da sassafe kafin iska ta taso. Laimar damina kuwa kan sa fenti ya yi hazo-hazo. Feshi a tsakar rana a kan ƙarfe mai zafi kan sa fentin ya bushe kafin ya kwanta, ya yi kurzunu kamar ɓawon lemo.

Abin da ya kamata mai mota ya yi

Kafin a ba da aiki, a nemi ganin motar da mai fentin ya yi shekara guda da ta wuce, ba wadda ya gama jiya ba. A yi ciniki a gaban shaida, a rubuta irin fentin, da adadin kayan, da ranar gamawa. A raba kuɗin kaya da kuɗin hannu. A leƙa garejin bayan an gama bugu da guga, kafin a fesa firaima, domin a lokacin ne gaskiyar aikin take a fili. Wanda zai sayi tsohuwar mota kuma, ya ɗora mayen ƙarfe a jikinta: inda ya ƙi kamawa a bodin ƙarfe, akwai fila mai kauri a wurin.

Launin mota yana rubuce a takardunta. Duk wanda ya canza launi wajibi ne ya je ofishin rajistar motoci a gyara takardun, don kauce wa zargin sata a shingen bincike.

Koyon sana'ar

Hanyar da aka fi bi ita ce a kai yaro wurin maigidan gareji, ya yi shekaru yana koyo har a yaye shi. Da wanki da guga ake farawa, kuma ɗan koyo kan daɗe kafin a miƙa masa bindigar feshi. Wannan ba wulaƙanci ba ne, hannun da bai san guga ba ba zai gane bodi mai santsi ba. Yana da kyau iyaye su yi yarjejeniya da maigidan a kan tsawon koyo da sharuɗɗan yaye, kuma kada koyon ya raba yaro da makaranta, domin karanta gwangwani da lissafin haɗi suna buƙatar ilmi.

Akwai kuma hanyoyin hukuma. Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wato NDE, wadda aka kafa a 1986, tana tura matasa koyon sana'a wurin ƙwararru. Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, da aka kafa a 1971, yana gudanar da horo a kan sana'o'in hannu. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin jarrabawar gwajin sana'a mai mataki 3, 2 da 1, inda mataki na 1 shi ne mafi girma. Hukumar NABTEB, da aka kafa a 1992, ita ke jarrabawar ɗaliban kwalejojin fasaha. Takardar shaida tana taimakawa wajen neman aiki a kamfani ko kwangilar gyaran motocin hukuma. Masu sana'ar da dama kuma suna cikin ƙungiyar masu gyaran motoci ta NATA.

Jari da lissafi

Kayan farawa su ne kwamfuresa, da janareta inda babu wutar lantarki, da bindigar feshi aƙalla biyu, ɗaya ta firaima ɗaya ta fenti, da injin guga, da gudumomi, da rumfa mai rufi. Wanda bai da ƙarfi zai iya farawa da hayar kwamfuresa, yana karɓar ƙananan ayyuka kamar babura da Adaidaita Sahu da ƙofofin ƙarfe na gidaje, har ya tara jari ta hanyar adashi ko ƙungiyar gama kai.

Abin da ya fi karya masu fenti ba rashin aiki ba ne, rashin lissafi ne. Yawancin kayan aikin daga waje ake shigo da su, kuma tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, farashin fenti da na man janareta sun hau ƙwarai. Saboda haka kada a yanke farashi da ka. A je kasuwa a ji kuɗin kaya a ranar, a ƙara man janareta, da abincin yara, da hayar wuri, da ɗan abin da za a ajiye don gyaran injina, sannan a ɗora kuɗin hannu bisa kwanakin da aikin zai ci. Kuskure na biyu shi ne a karɓi kafin alƙalamin wannan a sayi kayan motar wancan. Da haka motoci ke yin watanni a gareji, rigima ta kai gaban hukuma, suna ya ɓaci. Littafin shiga da fita, ko da na 'yan makaranta ne, yana magance wannan.

Kiyaye lafiya

Maganin daskarewa na fentin 2K yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda yake daga cikin manyan abubuwan da ke jawo cutar asma ta wurin aiki. Ƙyalle ko takunkumin takarda ba sa tare shi. Kariya mafi inganci ita ce takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta bututu. Inda babu shi, a yi amfani da mai matatar gawayi, a riƙa canza matatar, a kuma yi aiki inda iska ke ratsawa. Shan madara bayan feshi, kamar yadda aka saba, ba ya wanke huhu. Wanke hannu da tina yana ƙona fata, kuma sinadarin na shiga jiki. Tina da fenti suna kama wuta da sauri, don haka a nisanta su da walda da taba, a ajiye abin kashe gobara da bokitin yashi. Duk mai fentin da ya fara tari ko sarƙewar numfashi da dare, ya garzaya asibiti, ya kuma faɗa wa likita sana'arsa.

Kira ga jami'an ƙananan hukumomi

Yana da muhimmanci a keɓe wa masu wannan sana'a fili nesa da gidaje da makarantu da rijiyoyi, a hana zubar da ragowar tina a magudanan ruwa, a kuma hana sayar da gwangwanayen fenti ga masu zuba abinci ko ruwan sha. Wajen ba da aikin motocin hukuma, a rubuta matakan aikin cikin yarjejeniya, a tura wakili ya duba bodi kafin feshi, maimakon a bi wanda ya fi kowa rage farashi.

Kammalawa

Fenti mai sauƙin kuɗi ba laifi ba ne, muddin mai mota ya san abin da aka rage, kuma ba a taɓa aikin ƙarfe da firaima ba. Mai fenti kuma ya tuna cewa kowace motar da ta fita daga hannunsa tallarsa take yi a kan titi, ko ta jawo masa aiki ko ta kore shi.