Kalmar "Buga" da Shigowar Ɗab'i Ƙasar Hausa

Kafin zuwan injin ɗab'i, da hannu ake juyar littafi a ƙasar Hausa, da alƙalami da tawada. A wancan zamani ma'anar "buga" duka ce: maƙeri ya bugi ƙarfe, mabugi ya buga rinanniyar riga har ta yi sheƙi, alƙali ya buga hatimi a takarda. Ga alama ta wannan hanya ta ƙarshe, watau danna alama ta zauna, kalmar ta isa ga littafi.

Malamai kuwa suna da tasu kalmar daga Larabci, "ɗab'i", wadda asalinta shi ne danna hatimi. Tushenta ɗaya da "maɗaba'a", da kuma "ɗabi'a", halin da ya zauna wa mutum kamar hatimi. To, amma bayan da aka soma fid da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairun 1939, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sai "buga" ta rinjaya a bakin jama'a, "ɗab'i" ta tsaya wajen masana.

Abin da ya kamata malaman makaranta su kiyaye shi ne kada ɗalibai su gama "buga" da "wallafa", domin wallafa aikin mai tsara magana ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya wallafa littattafai masu yawa, amma har ya rasu a 1817 ba a buga ko ɗaya ba. Ɗalibin da ya gama kalmomin nan biyu zai ɗauka tarihin rubutun Hausawa da inji ya soma.