Kushin

Lafazin kushin, wanda direbobin tashar Yelwa ke furtawa kullum kamar gadonsa suka yi daga kakanni, baƙo ne daga Ingilishi, su kuma Ingilishi daga Faransanci suka aro shi, alhali ma'anarsa ta asali ba ta wuce matashi ba. Da ya shigo Hausa sai ya yalwata, har ya haɗa soson kujerar mota da ledar da ake lulluɓe shi da ita, mai sana'ar kuwa aka ce masa mai kushin.

Galibi an fi jin kalmar a bakin masu tsofaffin motoci, irin su Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, domin motar da ta daɗe tana jigilar kifin tafkin Kainji da albasar Yauri zuwa Kontagora, lalle ruwan kifi da zafin rana sun ci kujerunta. Idan direba ya ce zai yi kushin, nufinsa a kwance kujera, a sauya soson da ya mutu, a auna sabuwar leda a kan tsohuwa, sannan a ɗinke.