Ciwon Noma: Tarihin Cutar Da Ke Cin Bakin Yara

Mai karatu, kada ka ji "noma" ka ɗauka noman gona nake nufi. Wannan kalma ce daga harshen Girka, ma'anarta abin da ke ci yana yaɗuwa. A ƙauyukanmu wasu na ce mata ciwon daji, wasu ciwon iska, shi ya sa akan fara kai yaro wurin mai magani kafin a tuna da asibiti.

Cutar tana farawa ne daga dasashi. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, wanda ƙyanda ko tamowa ta riga ta kassara, sai dasashinsa ya kumbura yana jini, baki ya riƙa wari. Cikin 'yan kwanaki kunci ya ɓule, haƙora su zube, wani lokaci har ƙashin muƙamuƙi ya ruɓe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tara cikin goma na mutuwa idan ba a ba su magani ba. Wanda ya tsira kuwa sau da yawa muƙamuƙinsa ɗaurewa yake, ci da magana su gagare shi.

Ba ciwon baƙar fata ba ne. Turai ma ta sha fama da shi har ƙarni na 19, sai da abinci da tsabta suka wadata ya kau. Ya sake ɓulla a sansanonin 'yan Nazi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda yunwa ta yi katutu. Ashe dai yunwa ce uwarsa.

A 1996, shekarar da aka yanke Zamfara daga jihar Sakkwato, likitoci daga Turai suka fara zuwa Sakkwato suna gyaran fuskar yaran da cutar ta ci. Wannan aiki ne ya kai ga buɗe Asibitin Noma na Yara a 1999. Ƙungiyar likitocin MSF, wadda mutanen Anka da Bukkuyum suka sani tun annobar gubar dalma ta 2010, ta shiga tallafa wa asibitin a 2014, ana yi wa yara aiki kyauta. A ranar 15 ga Disamba 2023 kuma, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

To, jama'a, ita fiɗa gyara ce kawai bayan ɓarna, kuma sai an yi ta sau da dama. Alhali a kwanakin farko maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wanke baki, da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ciwon. Uwar da ke Gummi ko Bukkuyum, in yaronki ya tashi daga ƙyanda, buɗe bakinsa ki duba dasashi kullum. Kika ga jini da kumburi, ki goya shi zuwa asibiti a ranar, kada ki jira ranar kasuwa.