Katunan Wiskonsin da yaron da ya ƙi barin tarawa

Na shekara da yawa ina koyar da lissafi kafin in ji labarin katunan Wiskonsin. Grant da Berg suka fito da gwajin a Amurka a 1948. Ana ba mutum katuna ya ware su bisa launi, siffa ko adadi, ba a gaya masa ƙa'ida, sai dai a ce "daidai" ko "kuskure". Da ya gano ta, sai a sauya ta a ɓoye.

A 1963 Brenda Milner ta nuna a Kanada cewa waɗanda aka yi wa tiyata a gaban ƙwaƙwalwa suna nacewa kan tsohuwar ƙa'ida. Wani ma ya faɗi sabuwar da bakinsa, hannu ya ƙi bi.

Abin da ya fi kama ni aikin Dehaene da Changeux ne a Faransa, 1991. Sun kwaikwayi jijiyoyin ƙwaƙwalwa a kwamfuta, sannan suka raunana saƙon "kuskure". Sai na'urar ma ta kafe, kamar majinyatan.

Ina da ɗalibai lafiyayyu da ke ci gaba da tarawa bayan mun shiga ɗebewa. Dā taurin kai nake cewa, har in ɗaga murya. Yanzu nakan fara duba ko gyarana ya isa gare su kafin su cika shafi guda da kuskuren.