Jinkirin Samun Maganin Sankarar Mama: Nazari Kan Matan Gwarinpa

Gabatarwa

Ƙiyasin cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 mata sama da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Nijeriya, fiye da 16,000 kuma suka rasu. Galibi akan ɗora laifin a kan mata, a ce sun makara zuwa asibiti. Gwarinpa da ke Abuja wuri ne da ya dace a auna wannan zargi, domin unguwa ce mai yawan 'yan boko da asibitocin kuɗi, ga Babban Asibitin Gwarinpa a Life Camp, ga Asibitin Ƙasa a tsakiyar Abuja. Idan har jinkiri ya wanzu a nan, tilas a nemi tushensa bayan nisa da rashin ilimi.

Jinkirin gida

Ƙullutun sankara kan fara ne ba tare da zafi ba, shi ya sa mace kan yi shiru. Kunya kan hana ta buɗe ƙirji ga likita namiji. Ga tsoron yanke mama, wanda kan tafi tare da fargabar mutuwar aure ko zuwan kishiya. Ga kuma maganar da ta zaunu a zukata cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe, wadda kan karkata ta ga mai maganin gargajiya. Wannan kaso gaskiya ne, amma shi kaɗai ake yawan ambata.

Jinkirin asibiti

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya ma'aunai uku: a gano kashi 60 cikin ɗari na masu cutar tun tana mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60, kashi 80 kuma su ƙarasa magani. Biyu na ƙarshe nauyin tsarin lafiya ne. Matar da ta fito da wuri kan faɗa hannun mai kemis ko ƙaramin asibitin da zai ce maruru ne. Daga nan sai hoto, ɗebo tsoka, jiran sakamako, kowanne da wurinsa da kuɗinsa.

Jinkirin aljihu

A nan matan yankin suka rabu biyu. Ma'aikaciya mai inshora tana da madogara, ko da inshorar ba ta ɗauke komai ba. 'Yar aiki ko mai ƙaramar sana'a daga Dawaki ko Karmo kuwa, daga aljihunta take biyan tiyata da allurar kemo da gashi. Ga layi a na'urar gashi ta Asibitin Ƙasa, wadda ake zuwa dominta daga jihohi da dama. Asusun tallafin masu ciwon daji da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 ya haɗa da wannan asibiti, sai dai mai amfana sai ta san da shi tukuna.

Kammalawa

Wayar da kai irin wanda Gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu da ƙungiyar Project PINK BLUE suke yi yana rage jinkirin farko. Ragowar biyun suna buƙatar horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su tura duk mai ƙullutu gwaji nan take, da naɗa ma'aikaciyar da za ta raka majinyaciya daga gwaji har ƙarshen magani, tana nuna mata hanyar tallafi. Waɗanda suka warke sun fi kowa cancantar wannan aiki, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.