Matsayin furotin a tsarin rage cin sitaci: Abin da kasuwar Getso ke da shi

Mai ciwon suga ko mai fama da ƙiba da ya je asibiti a Kano, da wuya ya fito ba a ce masa ya rage tuwo da shinkafa da burodi da lemon kwalba ba. Abin da ba a cika yi masa bayani ba shi ne abin da zai zuba a gurbin da tuwon ya bari. Wasu sukan rage abinci kawai su zauna da yunwa har su rame su rasa ƙarfi. Wasu kuma sukan ɗauka an ba su izinin cin tsire da balangu dare da rana. Duka biyun kuskure ne. Tsarin rage sitaci yana tafiya daidai ne idan furotin ya shiga cikinsa da ma'auni, daga abinci iri-iri, gwargwadon nauyin mutum da lafiyar ƙodarsa.

Ma'anar tsarin rage sitaci

Abincin ɗan Adam yana ba shi kuzari ta hanyoyi uku: sitaci da sukari, da maiƙo, da furotin, wanda aka fi sani da sinadarin gina jiki. Giram ɗaya na sitaci yana ba da kalori 4, na furotin ma 4, na maiƙo kuwa 9. Sitacin da ke cikin dawa da gero da masara da shinkafa da rogo da doya, idan ya narke a ciki, sukari yake komawa ya shiga jini, sannan sinadarin insulin ya shigar da shi cikin ƙwayoyin jiki. Mai ciwon suga dai ko insulin ɗinsa ya yi ƙaranci, ko jikinsa ya daina jin aikinsa yadda ya kamata, don haka sukarin yakan taru a jini.

Masana abinci sukan kira tsari da mai ƙarancin sitaci idan abin da mutum yake ci bai kai giram 130 a rana ba. Akwai mai tsanani, wanda ake kira kito, inda ake tsayawa tsakanin giram 20 zuwa 50. Domin a gane girman wannan ragi, garin dawa giram 100 kaɗai yana ɗauke da sitaci kimanin giram 70.

Tsarin ba sabo ba ne. A 1863 wani ɗan Landan mai suna William Banting ya wallafa ɗan littafi kan yadda ya rage ƙiba ta hanyar barin burodi da sukari da dankali. A 1921 Dokta Russell Wilder na asibitin Mayo da ke Amurka ya tsara kito domin masu farfaɗiya, sannan a 1972 littafin Dokta Robert Atkins ya yaɗa shi a tsakanin masu neman rage ƙiba. A 2019 Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Amurka ta bayyana cewa rage yawan sitaci shi ne matakin abinci da ya fi samun hujjojin bincike wajen daidaita sukarin jini.

Aikin furotin a jiki

Da furotin ake gina tsoka da fata da gashi da jini da garkuwar jiki, har insulin ɗin kansa furotin ne. An haɗa shi ne daga ƙananan tubala 20 da ake kira amino asid. Jiki yana iya haɗa 11 da kansa, sauran 9 kuwa dole sai daga abinci. Jiki yana ajiye rarar kuzari a matsayin kitse, amma ba shi da rumbun ajiyar furotin. Idan abinci bai kawo isasshe ba, tsokar mutum jiki yake komawa ya warware.

A nan muhimmancinsa yake ga mai rage sitaci, ta fuskoki huɗu.

Na farko, kare tsoka. Ƙwaƙwalwa da jajayen ƙwayoyin jini suna buƙatar sukari ko da mutum bai ci sitaci ba, don haka hanta takan haɗa shi daga amino asid. Idan furotin bai zo daga akushi ba, daga cinya da dantse zai fito. Mutum zai ga sikeli yana sauka ya yi murna, alhali wani kaso na abin da ya zube nama ne ba kitse ba. Wannan asara ce babba ga mai ciwon suga, domin tsoka ce ta fi kowane sashe na jiki kwashe sukari daga jini bayan cin abinci.

Na biyu, ƙoshi. Furotin ya fi sitaci da maiƙo riƙe ciki. Wanda ya karya da ƙwai da awara yakan jima bai nemi abinci ba fiye da wanda ya karya da shayi mai sukari da burodi.

Na uku, jiki yana kashe kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na kuzarin furotin wajen narkar da shi, alhali na sitaci kashi 5 zuwa 10 ne, na maiƙo kuma bai wuce 3 ba.

Na huɗu, furotin ba ya tayar da sukarin jini da sauri kamar sitaci, kuma idan aka haɗa su a ci ɗaya yakan rage hanzarin hauhawar.

Nawa ake buƙata

Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2007 ya sanya giram 0.83 ga kowane kilo na nauyin babban mutum mai lafiya a rana. Ke nan mai kilo 70 yana buƙatar kimanin giram 58. Ga wanda yake rage abinci domin sauke ƙiba, masana da dama suna ba da shawarar giram 1.2 zuwa 1.6 ga kowane kilo, wato giram 84 zuwa 112 ga mai kilo 70. Mai ƙiba sosai yakan yi lissafin ne da nauyin da ya dace da tsawonsa, ba wanda sikeli ya nuna ba.

Abin lura shi ne giram 100 na nama ba giram 100 na furotin ba ne. Dafaffen naman sa marar kitse giram 100 yana ba da furotin kimanin giram 26. Haka kuma ya fi amfani a rarraba shi a kan kalaci uku maimakon a tara shi duka a wurin mai tsire da daddare.

Abin da ƙasar Gwarzo da Kabo ke nomawa

Getso, da ke Ƙaramar Hukumar Gwarzo a yammacin Jihar Kano, gari ne da kasuwarsa ta yi suna wajen dabbobi da hatsi. Manoman Gwarzo da Kabo da maƙwabtansu suna noma dawa da gero da masara, suna sirka su da wake da gyaɗa da waken suya, suna kiwon awaki da tumaki da kaji da zabi. Fulani suna kawo nono, kifi kuma yana zuwa daga madatsun ruwan yankin, irin su Challawa da ke Ƙaraye. Yawancin abin da mai rage sitaci a birni yake buƙata, daga irin waɗannan kasuwannin yake isowa Dawanau da sauran kasuwannin Kano. Sai dai ba dukkan abincin da ake kira mai gina jiki ne yake da ƙarancin sitaci ba, kuma ana iya kasa su gida uku.

Kashi na farko su ne masu furotin da kusan babu sitaci. Ƙwan kaza babba ɗaya yana da furotin kimanin giram 6. Ɗanyen kifi, tarwaɗa ko karfasa, yana da giram 16 zuwa 20 a cikin 100, busasshe kuwa ya ninka haka saboda ruwansa ya fita. Naman kaza da na zabo da na akuya duk suna kusa da na sa. Fara ma, wadda ake soyawa ana sayarwa a kasuwannin Arewa da Nijar, tana cikin wannan sahu.

Kashi na biyu su ne masu furotin da ɗan sitaci kaɗan. Waken suya ya fi kowane iri a nan: busasshensa yana da furotin kimanin giram 36 a cikin 100, kuma yana ɗauke da dukkan amino asid tara da jiki ba ya haɗawa. Idan aka niƙa shi aka tace aka yi awara, mafi yawan sitacin yana tafiya da dusa da ruwa, sai a sami furotin giram 8 zuwa 15 gwargwadon matsewarta, da sitaci da bai wuce giram 3 ba. Awara dai abincin talaka ce a farashi, amma a wannan tsarin tana gogayya da nama. Aibinta shi ne man da take sha wajen suya, don haka dafa ta a miya ko gasa ta ya fi. Gyaɗa tana da furotin kimanin giram 25, sitaci 16, amma kusan rabinta mai ne, shi ya sa cikin tafin hannu ya isa. Ƙuli-ƙuli, da yake an matse mansa, ya fi gyaɗar yawan furotin. Riɗi da agushi ma suna nan, haka nono da kindirmo, masu furotin giram 3 zuwa 4 a cikin 100, muddin ba a dama su da fura da sukari ba.

Kashi na uku su ne masu fuska biyu, kuma a nan aka fi yin kuskure. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, kuma an saba cewa wake shi ne abincin mai ciwon suga. Busasshen wake yana da furotin kimanin giram 24 a cikin 100, amma sitacinsa ya kai giram 60. Dafaffe kuwa furotin 8 ne, sitaci 20. Falalarsa ita ce yana narkewa a hankali, ba ya tayar da sukari kamar farar shinkafa. Saboda haka yana da gurbi a tsarin mai sassauci idan aka auna shi, amma wanda ya cika kwano da wake da shinkafa, ko ya sha koko da ƙosai goma, ko ya ci ɗanwake da aka cika wa rogo da fulawa, bai rage sitaci ba. Gurjiya ma haka take.

Tsohuwar al'adar haɗa hatsi da wake tana da tushe a kimiyya. Hatsi yana da ƙarancin amino asid da ake kira laisin, wake kuma yana da ƙarancin metiyonin, sai kowanne ya cike giɓin ɗan'uwansa. Wanda ya rage hatsi kuma nama ya fi ƙarfin aljihunsa, sai ya riƙa sirka wake da awara da gyaɗa da ƙwai da nono a wuni guda.

Misalin abincin wuni

Ga ɗan kasuwar Kantin Kwari ko ma'aikacin Sakatariyar Audu Bako mai kilo 70, lissafin zai iya kasancewa kamar haka. Da safe dafaffen ƙwai biyu da awara giram 100, furotin kimanin giram 24. Da rana kifi giram 150 da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, da ɗan tuwo da bai wuce dunƙulen hannu ba, kimanin giram 38. Da dare kofin dafaffen wake da alayyafo da kofin nono marar sukari, kimanin giram 21. Jimilla ta haura giram 80, ba tare da jan nama ko ɗaya ba. Ganye irin su zogale da rama da alayyafo da kuɓewa da kuka su ne suke hana taurin bayan gida da mai rage hatsi yakan fuskanta, tare da shan ruwa isasshe.

Waɗanda ya kamata su yi hattara

Ƙoda ce take tace dattin da furotin yake bari a jini. Mai lafiyayyar ƙoda yana iya ɗaukar ƙarin da aka ambata, amma wanda tasa ta fara rauni, likitoci sukan tsayar da shi a kusan giram 0.8 ga kowane kilo. Matsalar ita ce ciwon suga da hawan jini su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, kuma ɓarnar takan yi nisa babu wata alama. Don haka duk mai ɗaya daga cikin cututtukan biyu ya kamata ya yi gwajin fitsari da na jini kafin ya ƙara furotin. Gwajin ya fi wankin ƙoda sauƙi nesa ba kusa ba.

Mai yin allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin su gilibenkilamaid, idan ya yanke sitaci bai rage magani ba, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa ya kawo rawar jiki da gumi da ruɗewa har suma. Likita ne kaɗai zai daidaita masa maganin, musamman idan zai haɗa da azumi. Mata masu juna biyu da masu shayarwa da yara masu tasowa ba su dace da tsari mai tsanani ba.

Nau'in naman ma abin dubawa ne. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarrafaffen nama, wanda aka adana da gishiri ko hayaƙi ko sinadarai, cikin abubuwan da ke haddasa ciwon dajin hanji, ta kuma ce mai yiwuwa ne jan nama ma yana haddasawa. Shawarar da aka fi bi ita ce kada dafaffen jan nama ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako. Kilishi da tsire suna da furotin sosai, amma gishiri da sinadarin ɗanɗanon da ke cikinsu ba su dace da mai hawan jini a kullum ba. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli kuwa, idan suka yi fumfuna saboda danshi a ajiya, suna iya ɗaukar gubar afulatoksin mai illa ga hanta, don haka wadda ta sauya launi ko ta yi ɗaci sai a zubar.

Wanda zai fara wannan tsarin, matakansa uku ne a jere: ya san nauyinsa da matsayin ƙodarsa, ya sanar da likitansa domin a duba magani, sannan ya rage sitaci a hankali yana cike gurbin da furotin da ganye a kowane ci. Auna sukari kafin abinci da kuma sa'o'i biyu bayansa shi zai nuna masa ko kwanon nasa ya yi daidai.